Kaskon da Na Wanke

Kakata, mahaifiyar innata, da kasko ɗaya ta fito daga ƙauyensu. Shekarar da aka ce kowa ya tashi daga bakin kogin Komadugu, mutane sun ɗauki abin da hannu ya kai kansa: wannan tabarma, wancan akuya a wuya, mai hali ya ɗora injin ban-ruwa a amalanke. Ita kuwa ta bar buhunan tattasai a jibge, ta bar gadonta da tukwanenta, ta naɗe kaskon turaren wutarta cikin tsohon zane ta aza a ka. Kawuna ya yi ta yi mata faɗa a hanya, wai ana gudun rai ita tana fama da tarkace. Ko kallonsa ba ta yi ba. Sun yi wata biyu a bukka a gefen kwalta kafin innata ta je ta taho da ita gidanmu a Diffa.

Kaskon ba abin kallo ba ne, gaskiya. Na yumɓu ne, tafin hannu biyu ke riƙe shi, da ƴan ƙafafu uku da huji-huji a kewaye. Bakinsa ya ɓantale a wuri guda. Baƙi ƙirin yake, ciki da gefe duk daskararren turare ya yi masa kauri kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na mahaifiyar Kaka ne, da shi aka kai Kaka ɗakin miji. Matan wajenmu ba sa wanke kaskon turare. Toka kawai ake zubarwa, a sa sabon garwashi, a barbaɗa turare, abin da ya narke ya hau kan na jiya. Na san wannan tun ina yaro, kamar yadda na san ba a shiga masallaci da takalmi. Na faɗi haka ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

A haɗin turarensu akwai saiwar wata ciyawa da ke fitowa a bayan ƙauyen, inda ruwa ke ja da baya bayan damina. Ni a wurina kajiji ne kamar kowane kajiji. Kaka ta rantse ba ɗaya suke da na kasuwa ba, kuma tun da muka rasa hanyar ƙauyen ba ta sake samunta ba. Saura abin da ya daskare a jikin kaskon. Idonta ya riga ya fara yin yana, mutum sai ya yi magana take gane shi. Da la'asar takan jawo kaskon daga ƙarƙashin gado, ba wuta ba komai, ta kai shi hanci ta daɗe a haka. In na leƙo na ce, “Kaka, me kike ci ba tayi?” sai ta ce, “Na leƙa gida ne, mijin banza. Kai da ba ka kawo cefane ba ina ruwanka?” Haka muke da ita, wasan jika da kaka. Da Kanuri muke hira, sai in za ta zolaye ni take komawa Hausarta ta kasuwa.

Ni a lokacin malamin makaranta ne, mushe kamar yadda ake kiranmu, kuma ina jin kaina fiye da kima. Rubutuna na allo yana da kyau, ina jin Faransanci da Hausa da Kanuri, ga ɗan Fillanci na gaisuwa. Shi ya sa da aka shirya nunin kayan gargajiya da zane-zane a babban zauren al'adu na gari, aka zo har makaranta aka ce in taimaka. Wasu masu aikin agaji ne suka kawo shawarar. Suna so a nuna abin da mutanen da aka tasa suka fito da shi daga gidajensu, a rataya zanen ƴan makaranta da hotuna a bango, a buɗe ƙofa mako guda kowa ya shigo kyauta. Aikina in bi unguwanni da sansanoni in aro kaya, in rubuta takardar bayani a gaban kowane.

Na yi kwana goma ina yawo. Wani dattijon Buduma ya ba ni filafilin jirginsa, ya ce ai babu tafkin da zai tuƙa yanzu, in kai shi ya sha kallo. Na samo wuƙar damtse ta Tubawa, da sirdin raƙumi mai jan fata, da allon wani malami da ya gada daga kakansa. Wata Bafillatana daga wajen N'Guelbély ta yarda da ƙorenta na nono guda bakwai, amma bisa sharaɗin ita za ta kawo su da kanta, ta zauna kusa da su har a tashi. Ta nuna ni da yatsa ta ce, “Mushe, in wani ya sa masu sabulu, ni da kai ne.” Na yi dariya, na je ina ba abokan aiki labari, wai ga mai gadin ƙwarya mun samu ba albashi.

Sai da na ga teburan sun fara cika sannan na ji kunya ta kama ni. Kowa ya kawo na gidansu, ni mai tarawa babu ko cokali daga namu. Kuma ina da labarin da ya fi na kowa daɗi a baki: tsohuwa ta bar dukiyarta ta ɗauki kasko. Na riga na tsara yadda zan faɗe shi da Faransanci a gaban baƙi.

Innata ce ta fara cewa a'a. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, “Ka bar mata abinta. Ka ɗauki tabarmar can ko turmi.” Na ce turmi ai kowa na da shi. Na shiga ɗakin Kaka na zauna a bakin gado, na yi ta zuba: manya za su zo daga Yamai, za a san ƙauyensu, za a san an yi mutane a wurin. Wannan ta ƙarshen ce ta kama ta, na kuwa san za ta kama ta, shi ya sa na ajiye ta a ƙarshe.

Ta jawo kaskon ta riƙe a cinya.

“Kwana nawa?”

“Bakwai, Kaka.”

“Za su taɓa shi?”

“Ba mai taɓawa. Ni ne shugaban wurin.” Ƙarya ce, ni ba shugaban komai ba ne.

Ta naɗe shi a zanen nan da ta fito da shi, ta miƙo mini. Kafin ta saki ta ce, “Ka maido mini shi yadda yake. Da shi aka turara likkafanin uwata, da shi za a turara nawa. Na faɗa wa innarka, kai ma ga shi na faɗa maka.” Na ce haba Kaka, wa ke zancen likkafani, ke da za ki ga auren ƴaƴana. Ta ce in fara samun mai aurena tukuna.

Ana gobe buɗewa shugaban wurin ya zagaya da mu. Mutumin yamma ne da aka turo aiki Diffa, mai son tsari, kullum da farar riga. Yana tafe yana shafa tebur da yatsa. “Gobe gwamna na tahe, da baƙi daga Yamai. Ban son in ga ƙura ko guda. A share sal ɗin nan, a goge komi.” Zaure yake nufi da tebura. Bai ce uffan a kan kaskon ba, ban ma tabbata ya lura da shi ba. Ni ne na tsaya na dube shi a kan farin ƙyalle, tsakanin sirdi mai jan fata da wuƙa mai kube na ado, na ga kamar an tsinto shi a juji. Har ya bar baƙin zobe a ƙyallen. Abin da ya zo mini a rai shi ne, mutanen Yamai za su ce ga kayan gidan su mushe.

Bayan azahar na ɗauke shi na zagaya bayan zauren, ƙarƙashin wani dogonyaro inda famfo yake. Na aro wuƙa wurin mai shayi, na sayi soson ƙarfe da garin sabulu. Na shimfiɗa tsohon kwali na fara kankara. Abin ya yi tauri, sai da na sa ƙarfi. Yana ɓallewa ɓawo-ɓawo, na sama baƙi, na ƙasa ja-ja kamar ƙaro, yana zuba a kwalin. Ƙamshi ya taso. Ba zan ce ban ji ba. Na ji ɗakin Kaka na ƙauye, inda nake kwana in mun je hutu, da lafayarta, da sanyin safiyar bakin kogi. Na ɗan dakata da wuƙar a hannu. Sai na tuna ban gama rubuta takardu goma sha wani abu ba, na ci gaba da sauri. Abin da ya dame ni a lokacin kada rigata ta ɓaci.

Na wanke shi sau uku har jan yumɓun ya fito. Na kife shi a rana. Kafintan da ke haɗa mana tebura yana gefe yana shafa wa katako man ƙyalli, wanda suke cewa berni. Ya ce, “Mushe, kawo in ɗan shafa mishi, ka ga yadda za ya hito.” Ya shafa ciki da waje, har cikin huji-hujin. Kafin magariba kaskon Kaka yana ɗaukar ido. Na tattara kwalin da abin da ke kai na jefa kan tarin shara a gindin katanga, na wanke hannu da ragowar sabulun.

Ranar buɗewa kaina ya kumbura. An yi jawabai, an yanke ƙyalle, ƴan makaranta sun tsaya kowa a gaban zanensa. Yawancinsu kogi suka zana, da jirage da gonakin tattasai ja wur. Manyan baƙi suka tsaya a teburina, na ba da labarin tsohuwa da kaskonta ba tare da na yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wata baturiya ta ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya. Shugaba ya dafa kafaɗata. Bafillatanar nan tana zaune a tabarma kusa da ƙorenta, ta dubi kaskon, ta dube ni, ta kau da kai. Na ɗauka hassada ce.

A rana ta uku Kaka ta ce sai an kai ta ta ga inda aka ajiye ƙauyensu. Tun da aka hana hawa babur a garin, fita da tsoho ta zama aiki, sai da innata ta tsayar da taksi har ƙofar gida. Ta sa lafayarta ta zuwa biki. Na tarye su a bakin zaure, na kama hannunta ina ta yi mata bayani kamar baƙuwa daga Yamai. Ta shafa filafilin jirgi ta ce wannan ya sha ruwa. Ta gaisa da Bafillatanar, suka yi ta tambayar juna mutanen da ba su sani ba. Sannan ta ce, “To, ina nawa?”

Innata ta riga ta hango shi. Na ga ta tsaya cak, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ni kuwa ko a lokacin ina ce wa kaina ai za ta ji daɗi in ta ji santsinsa.

Na ɗauko na sa mata a hannu. Ta kai shi hanci. Ta sauke, ta sake kaiwa.

“Wannan ba nawa ba ne. An musanya maka.”

“Naki ne, Kaka.”

“Fenti nake ji. Ka duba da kyau, nawa baƙi ne.”

Ta fara bin bakinsa da babban yatsa a hankali, har ta iso inda ya ɓantale. Yatsan ya tsaya a wurin. Ta zura hannu ciki, ta shafa gindinsa inda kaurin nan yake a da, ta ji yumɓu sumul. Mutane na wucewa ta bayanmu, wani yana tambayar ko sirdin na sayarwa ne.

“Ka wanke shi,” in ji ta.

“Na ga ya yi datti ne, na ce baƙi...”

“Ka sha aiki. Abin nan da tauri.” Ta miƙo mini shi. “Mayar masu, kwanansu bai cika ba.”

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta juya ta ce wa innata ƙafarta na ciwo, su tafi gida. Na raka su har taksi, innata ba ta dube ni ba.

Motar na tashi na ruga bayan zauren. Tunanina ɗaya: ɓawon nan yana kan kwali, in na tattaro shi ko a gwangwani ne ta samu abin kaiwa hanci. Na isa gindin katanga na tarar da toka da ƙonannun gwangwanaye. Maigadin wurin, wani tsohon soja, yana alwala a famfo. Na tambaye shi ina sharar da ke nan.

“An ƙone ta tun ranar da kuka gama shiri. Shef, shugaban wurin, ya ce kar baƙi su gani.” Ya ɗan yi murmushi. “Amma mushe, mi kuka zuba a ciki? Wallahi da wutar ta kama, wurin ga duka ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ban taɓa jin irinshi ba. Har na fasa tahiya cin abinci, na zauna nan sai da ta mutu.”

Na zauna a bakin famfon. Turaren mata biyu, na uwa da na ƴa, na shekarun da ban san adadinsu ba, ya tashi a yammaci ɗaya tare da ledoji da ɓawon rake. Na tona tokar da kara ko zan samu wani abu, ban samu ba.

Kwana huɗun da suka rage na yi su ne kamar mai zazzaɓi. Na daina ba da labarin tsohuwa da kasko, in an tambaya sai in nuna takarda. Ranar rufewa Bafillatanar ta jera ƙorenta cikin juna, ta ɗaure, ta zo ta wuce ta gabana. Ta ce, “Na kakarka ne, ko?” Na ce eh. Ta ce, “Allah ya ba ta haƙuri.” Ni ba ta ce Allah ya ba ni komai ba, kuma ta yi daidai.

Na mayar da shi gida a naɗe cikin zanensa. Washegari Kaka ta sa aka kawo mata garwashi, ta ce bari a gwada. Wuta na taɓa shi man ƙyallin ya fara tafasa yana baƙin hayaƙi, wari ya cika ɗakin har ta kama tari. Innata ta fita da shi da gudu ta zubar da garwashin. Na kwashe mako ina goge shi da yashi, amma man ya riga ya shiga cikin yumɓun, da ya ji zafi sai warin ya dawo. Daga nan Kaka ta mai da shi wurin ajiye carbi da ƙwayoyin maganinta.

Na yi ƙoƙarin gyara abin da ba ya gyaruwa, irin na wanda ya san ya yi laifi. Na sayo sabon kasko. Na bi matan da suka shahara da haɗa turare a garin, na sayo mafi tsada. Na tambayi duk wanda na ji ya leƙa wajen ƙauyen ko zai samo mini saiwar nan, kowa ya ce in rufa wa kaina asiri, ba a zuwa can. Wani ya kawo mini kajiji daga kasuwa ya rantse na bakin kogi ne. Kaka ta shinshina ta ce, “Mai kyau ne, Allah ya yi albarka,” ta ba innata ta ajiye. Komai na kawo haka take cewa. Da la'asar kuma sai in ga hannunta ya tafi ƙarƙashin gado, ya tsaya a hanya, ya dawo kan cinyarta.

Wata rana na kasa riƙewa, na gaya mata zancen maigadi. Ban san abin da nake nema ba, wataƙila so nake ta yi fushi a huta. Ta saurara har na gama.

“Ya ce da daɗi?”

“Ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Har ya fasa cin abinci.”

“Mutumin ina ne?”

“Ban sani ba, Kaka. Tsohon soja ne.”

“To, wani dai ya ji.” Ta gyara zama. “In ka gan shi ka ce masa na uwata ne, ni ƙari kawai na yi.”

Na je na faɗa masa. Ya ce a gaishe ta. Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma ba ta daina zolayata ba. Sai dai tun daga ranar nunin ban sake jin ta ce ta leƙa gida ba.

Damina biyu bayan haka ta rasu, da safe, bayan ta sha kunu. Ina zaune a zaure tare da maza muna jiran a gama shiri, sai innata ta aiko a kira ni. Na same ta a ƙofar ɗakin, matan da za su yi wanka suna ciki, farin ƙyalle na ninke a kan tabarma. Wata tsohuwa ƴar ƙauyensu ta leƙo ta ce, “Ina kaskonta? Ta sha faɗa mana da shi za a turara.” Yana nan a gefen gado inda ta bar shi, ja, da sauran ƙyallinsa, carbinta a ciki.

Innata ta ce wa tsohuwar wannan ba ya ɗaukar wuta. Sannan ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa. “Shiga maƙwabta ka aro mana kasko.”

Na shiga gida na farko na yi sallama. Matar gidan ta ɗauko nata daga bayan ƙofa, baƙi ƙirin, ya yi kauri da turare, ta zubar da tokar jiya. Ta ce in yi haƙuri da dattinsa, ko in jira ta ɗan goge shi. Na ce ta bar shi haka, na karɓa da hannu biyu.